Gyangyaɗin Baba

Duk ƙarshen mako, in abokan aiki sun watse, Dakta takan zauna a ofis ta yi wa kanta hisabi: me ta gama, me ya cinye mata lokaci a banza. Wannan makon ba laifi. Ta yi tattakinta na safe, ta riƙa rufe waya lokacin rubutu, ta kammala gwajin ruwan tankunan makarantu da ta daɗe tana fama da shi. Abu ɗaya ya gagara. Jawabin da za ta gabatar jibi a taron masana ya ninka lokacin da aka ba ta, kuma ta rasa inda za ta yanke. Duk shafin da ta kalla sai ta ji kamar ɗanta ne.

Ta gwada a gaban maigidanta. Bawan Allah, shi komai "ya yi kyau" ne, ko rubutun jikin kwalbar magani ta karanta masa zai tafa. Ta gwada a gaban abokiyar aikinta, wannan kuma sai ta ƙara mata wasu shafukan.

Da can ba ta san wannan wahala ba, don tana da Baba. Tsohon direban bas ne, bai san komai game da ƙwayoyin cuta ba, bai kuma taɓa nuna ya sani ba. Sai ya zauna a kujerarsa mai gogaggen hannu, ya miƙe ƙafa, ya ce, "To Uwata, ja mu." Ita kuma ta tsaya gaban talabijin tana zuba bayani. Inda zance ke tafiya daidai, idonsa tar. Da ta soma kewaye-kewaye, sai kan ya fara sauka a hankali har haɓa ta taɓa ƙirji. A nan take sa alama, a nan take yankewa. In ya farka ya yi ta rantsuwa ido kawai yake hutarwa, su yi ta musu, Mama na yi musu dariya daga kicin.

Bayan rasuwar Mama, Yaya ya ɗauke shi zuwa can garin da yake aiki, tafiya mai nisa. Kujerar ce ta dawo falon Dakta, yara na jibga jakunkunan makaranta a kai. Waya kuwa, Baba bai san sallama ba, in ya kama hira sai caji ya ƙare. A wani hisabin ƙarshen mako ta sa hirar cikin abubuwan da ke cin lokaci. Daga nan ta koma gaisuwa a tsaye: "Baba, ina tsakiyar aiki, zan kira."

Yau sai ta ji kewarsa ta taso mata. Ta jingina waya da kofin shayi, ta kira ta bidiyo. Matar Yaya ce ta ɗauka, ta daidaita masa wayar a kan tebur, ta ba su wuri. Baba ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Uwata! Yau da rabon in ga fuskarki ke nan."

"Baba, taro gare ni jibi, jawabin ya yi tsawo. Ka saurara mini kamar da?"

Fuskarsa ta washe. "Ja mu."

Ta fara, biro a hannu, ido ɗaya a kwamfuta ɗaya a kansa. Ta wuce gabatarwa, Baba ƙyam. Ta shiga tarihin binciken da wasu suka yi kafin nata, Baba ko gezau. Ta iso jerin alƙaluma, wurin da ita kanta take hamma, sai ta ga kan ya soma sauka. Ta ɗaga biro. Firgigit ya miƙe, ya murza ido, ya matso bakin kujera ya zauna a ɗosane. Can barcin ya sake zagayowa, ya tsoma yatsu a kofin ruwa ya shafa a fuska. Haka ya yi ta kokawa, ido jajur, har ta kai ƙarshe ba alama ko ɗaya a takardarta.

"Haba Baba, yau ka ɓata mini aiki," ta ce tana dariya. "Ina gyangyaɗin?"

"Ya zo. Na kore shi."

"Don me? Ai shi nake nema!"

Ya gyara wuyan riga. "In na yi barci kashe wayar za ki yi, Uwata. Ni kuwa ban san ranar da za ki sake kira ba."

Dariyar ta tsaya mata. Kunya da tausayi suka rufe ta, ta kasa haɗa ido da shi. A waje mai shara na jan bokiti a baranda, yana rufe tagogi ɗaya bayan ɗaya.

Ta ajiye biro, ta laluba caja ta jona wayar.

"Baba, jingina da kyau. Zan sake daga farko. In barci ya zo ka ƙyale shi, ina nan har ka farka."

"Kin tabbata?"

"Wallahi ina nan."

Ya jingina, ya miƙe ƙafa. Ko gabatarwa ba ta gama ba, wurin da ta fi ji da shi a duk jawabin, haɓa ta taɓa ƙirji. Ba ta sa alama ba. Ta rufe kwamfutar, ta yi tagumi, tana sauraron minsharinsa.