Zinariyar Gwaggo Bakwai a Buhun Shinkafa

Lauyar ba ta ɓata lokaci ba. Ta jawo takardar harajin Diem, ta ɗora bakin biro a kan layi guda.

"A nan an rubuta dala dubu goma sha tara kika samu bara. Kafin a bar ki ki kawo mijinki, ana son ganin kusan dubu ashirin da shida."

"Na samu fiye da dubu arba'in," in ji Diem.

"A ina?"

"A hannu."

"To, ofishin shige da fice ba ya karanta hannu, takarda yake karantawa."

Mafita ɗaya ta rage: a samu wani ya sa hannu tare da ita, ya ɗauki alkawarin cewa mijin ba zai zama nauyi a kan gwamnati ba. In albashin mutumin bai kai ba, kadararsa na iya cike gibin, amma sai ta ninka gibin sau biyar, kuma sai da shaidar cewa tasa ce. Saura kwana arba'in a rufe fayil ɗin. In aka rufe, layin shekara biyun da suka bi ya tafi a banza.

Diem ta zauna a mota cike da haushi. Shekara shida tana sunkuye a kan ƙafafun matan Houston, tana goge kaushi tana shafa wa farce launi a shagon Baffa Biyu, yayan mahaifinta. Duk Asabar sai ya ba ta rabin kuɗinta a caki, rabi tsaba a ambulan. Haka ake yi a kowane shago, haka aka tarar, kuma duk wanda ya tambayi dalili sai a ce karatu ne ya ɓata shi. Yau ga sakamakon: mijinta Khoa, makanikin injin kwalekwalen da ta haɗu da shi a garin Can Tho lokacin da ta kai tokar gawar mahaifinta gida, yana can yana jira, ita kuma a idon hukuma matsiyaciya ce da ba ta isa ciyar da miji ba.

Ranar Lahadi aka yi taron tunawa da kaka a gidan Baffa. Motoci bakwai a ƙofa, babu ta ƙasa da dubu hamsin. Aka kunna turaren tsinke a gaban hoton tsohon, kowa ya sunkuya sau uku bisa jerin haihuwa, daga Baffa Biyu har zuwa autarsu Gwaggo Bakwai, wadda tana gamawa ta koma kicin inda aka saba ganinta. A danginsu da lambar haihuwa ake kiran mutum, daga biyu ake farawa; mahaifin Diem shi ne Biyar. Diem ta jira har aka sauke tukunyar tarwaɗa a tebur, sannan ta miƙe da fom a hannu.

"Baffa, ina da roƙo."

"'Yar Biyar, a ci abinci tukuna."

"Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce min ka fita. Yau ga ka. Ina so ka tsaya wa Khoa. Ko sisi ba za ka fitar ba, gidan nan kaɗai in aka rubuta shi ya isa."

Baffa ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. "Kin san abin da kike faɗa? In yaron nan ya zo ya karɓi tallafin gwamnati, ni za a biyo. Ko kun rabu, ni za a biyo. Shekara goma wuyana a igiya saboda mai gyaran inji da ban taɓa gani ba?"

"Ai ma wa ya sani ko ke yake so ko biza," in ji matarsa, tana tsame ƙaya daga kifi.

"Inna, ke da kika zo, Baffa kike so ko biza?"

Wani ya shaƙe da shayi. Baffa ya ɗaga hannu.

"Bari in nuna miki yadda manya suke yi. Akwai wani mutum a bayan kasuwa, dubu shida yake karɓa ya sa hannu. Ya yi wa mutum fiye da goma. Ni zan ara miki kuɗin, a wuce wurin."

"Ranar da aka kama shi fa? Khoa ba zai taka ƙasar nan ba har ya mutu. Ba na so. To in ba za ka sa hannu ba, rubuta min gaskiyar abin da kake biyana, in je in gyara harajina, in biya abin da ake bi na."

"Ki tona min asiri ke nan, ni da shago uku."

"Asirin me? Dubi waje, Baffa, dubi motocin can! A takarda duk wanda ke teburin nan talaka ne tilis. Shekara arba'in da tsallako teku, har yanzu muna rayuwa kamar gobe za a zo a kwashe mu. Muna ɓoye wa hukuma, muna ɓoye wa juna, ranar da ɗayanmu ke buƙatar wanda zai ce ga ni, ga sunana, sai kowa ya duba kwanonsa."

Ba wanda ya ɗago kai.

"Gobe kada in gan ki a shago," in ji Baffa.

"Dama ban yi niyyar zuwa ba."

Ta bi ta kicin za ta fita ta baya. Gwaggo Bakwai na wanke-wanke, ba ta ko juyo ba.

"Ke mai baki. Gobe da safe ki zo da motarki, akwai shinkafar da za ki ɗaga min."

Gwaggo Bakwai a ɗaki ɗaya take haya a bayan wani shagon wanki. Shekara talatin tana ɓare jatan lande a kamfani, yatsunta duk sun karkace. Kayan jikinta kwancen matar Baffa ne. Duk sabuwar shekara Baffa kan miƙa mata jar ambulan mai dala hamsin a gaban jama'a, ta karɓa da hannu biyu.

Da Diem ta shigo washegari, Gwaggo ta kulle ƙofa, ta ja labule, ta nuna buhun shinkafa a lungu.

"Zura hannu. Ƙara. Har ƙasa."

Gwangwanin madara uku Diem ta zaro. A cikin kowane akwai fallayen zinariya sirara, naɗe a takardar da ta yi ja don tsufa. Gwaggo ta jera su a kan gado, falle ashirin da uku.

"Nawa suke karɓa kan mutum ɗaya yanzu?"

"Su wa?"

"Mutanen ofishin. A zamaninmu, da muka gudo, falle shida ne kan babban mutum, mai jirgin ruwa ya gwada da haƙori kafin ka taka. Na san komai ya yi tsada. Kwashe duka ki kai musu, kada ki tsaya ciniki. Amma kada ki ce daga wurina ya fito."

Diem ta zauna a bakin gadon. Ta san mijin Gwaggo, Nam, bai tsallako ba, amma ba a taɓa gaya mata dalili ba.

"Goma muke da su," in ji Gwaggo, kamar ta ji tambayar. "Biyu suka gaza. Ya ɗora ni a jirgi, ya ce yana tafe baɗi. Baɗin ya hau wani jirgin, jirgin bai iso ko'ina ba. Tun daga nan duk abin da na samu sai in kai wa maƙeri ya ba ni zinariya. Ban san me nake tara wa ba sai jiya."

"Gwaggo, ba karɓa suke yi ba."

"To me suke so?"

"Gani. Zinariyar da ke cikin shinkafa ba ta da takarda, ba wanda zai yarda taki ce. Sai an sayar, a karɓi rasit da sunanki, a zuba kuɗin a banki da sunanki. Albashinki dubu goma sha huɗu ne, gibin dubu goma sha biyu, sau biyar dubu sittin. Kuɗin suna nan naki, ba mai taɓawa. Sai dai ki sa hannu, sunanki da adireshinki, cewa ke kika tsaya masa."

Fuskar tsohuwar ta canja. Ta fara mayar da fallayen cikin gwangwani.

"Banki? Sau biyu ina gani da idona gwamnati ta canja kuɗi da safe, kafin azahar abin da babanmu ya tara ya zama takardar ƙunsa gyaɗa. Masu sunan da ke rubuce su aka fara bi gida-gida. A'a. Gara su karɓe. Ki nemo wanda zai karɓa."

"Babu shi, in ma akwai ba zan je ba." Diem ta ji muryarta na tashi, ta ƙi sassautawa. "Za ki iya ba ni duk abin da kika tara shekara arba'in, amma ba za ki iya bari a san kina da shi ba? Gwaggo, wannan tsoron shi ne ya zaunar da ke a kicin ɗin Baffa kina wanke kwanon matarsa. Ba zan yi miki ƙarya ba, sa hannun nan da nauyi. In Khoa ya gaza, ke za a biyo, kamar yadda Baffa ya faɗa. In kin ƙi, ba zan riƙe ki ba. Amma ta bayan gida ba zan shigo da mijina ba. Ta ƙofa zai shigo, da rana."

Gwaggo ta ajiye gwangwanin da ke cinyarta.

"Bakin nan naki na ubanki ne," ta ce. "Shi ma bai taɓa riƙe aiki ba." Ta miƙe ta ɗauko jakar cefane. "Saura kwana nawa?"

"Talatin da shida."

"Tashi."

A mota Diem ta ce akwai masu sayen zinariya a can arewacin gari, inda ba wanda ya san su. Shagon maƙerin unguwa kuwa jikin wurin shan kofi yake, inda Baffa ke zama da abokansa kowace safiya.

"Na sani," in ji Gwaggo. "Can za mu. In gani ake so, a gani."

Maƙerin ya ɗauka 'yan kunne ta kawo gyara. Da ta juye gwangwanayen a kan gilashi, ƙwayoyin shinkafa na tsalle, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar. Kafin ya gama ɗora falle na goma a sikeli, rabin masu shan kofi sun manna fuska a taga. Baffa ya turo ƙofa.

"Bakwai! Na wane ne wannan?"

"Ina kwana, Yaya. Nawa ne."

"Ke da nake ba dala hamsin duk shekara?"

"Suna ciki, na gode. Wancan na gefe, kusan rabinsa naka ne."

Aka yi dariya a bakin ƙofa. Baffa ya rage murya, ya matso.

"Yarinyar nan ta juya miki kai. Kin san za su rubuta sunanki? In yaron ya zo ya watsar da ita, ke za a tsiyata. Mayar da kayanki mu je gida mu yi magana, ba a yin irin wannan a gaban mutane."

"A gaban mutane aka bar Nam a bakin ruwa." Ba ta ɗaga murya ba, amma maƙerin ya tsayar da hannunsa. "Falle biyu muka rasa. Ka ce kowa ya ji da kansa, kai ma ba ka da ko ɗaya. Da muka sauka a sansanin 'yan gudun hijira ni na wanke maka wando, Yaya. Huɗu na ji a ɗinke a ƙugu. Ban faɗa ba, don an ce ba a yin irin wannan a gaban mutane."

Baffa ya ja da baya. Ya dubi taga, ya ga abokansa suna kallon takalmansu. Ya fita bai ja ƙofar ba.

"Ci gaba da awo," Gwaggo ta ce wa maƙerin. "Kuma rasit ɗin ka rubuta sunana cikakke, ba Bakwai ba. Lam Thi Suong. Rubuta da manyan baƙaƙe."

Dubu sittin da bakwai aka samu. A banki sai da ta sa ma'aikaciyar ta juyo mata da allon kwamfuta sau uku ta ga lambar da idonta. A ofishin lauya ta riƙe biro kamar wuƙar ɓare jatan lande, ta ɗauki kusan minti guda tana zana sunanta. Takardun suka tafi saura kwana talatin da ɗaya.

Diem ta samu kujera a wani shago da ke biyan komai a caki. Kuɗin da ke shiga aljihu ya ragu, ta kuma fara biyan tsohon harajinta kaɗan-kaɗan. Dangi suka daina kiranta taro. Ba ta nemi sulhu ba.

Wata huɗu bayan haka aka sa wa Khoa ranar ganawa a ofishin jakadanci. Diem ta kira shi daga ɗakin Gwaggo, tsohuwar ta fizge wayar.

"Kai ne makanikin? To saurara. Gwamnatin Amurka ta ce in ka ji yunwa ni za ta kama. Kwano nawa kake ci?"

"Biyu, Gwaggo."

"Ka koyi ɗaya da rabi. Kuma famfona na zuba, ka zo da kayan aikinka."

Ta miƙa wayar, ta ɗauki kwafin takardar bankin da na rasit, ta naɗe su tsaf a cikin gwangwanin madara. Diem na kallo ta durƙusa a lungu, ta tura shi can ƙasan buhun shinkafa.

"Haba Gwaggo!"

"Yi min shiru. Wanda ke son gani ai ya gani."