Awa Huɗu da Rabi daga Jidda

Wayar hannu ce ta ruɗi Tanimu, ko da yake shi ma ya so a ruɗe shi. Ranar da mahaifiyarsu, Inna Dija, ta kwanta ciwo a Gazawa, ya duba ya ga daga filin jirgin Jidda, inda ƙanensa Rabilu yake aikin ɗinki, zuwa na Kano kilomita dubu uku ne da ɗari huɗu da 'yan kai. A sama kuwa awa huɗu da rabi. Tafiyar da ko amalanken jaki yakan yi ranar kasuwa! Sai hankalinsa ya kwanta.

Kullum Rabilu sai ya kira. "Yaya, ya jikin Inna? In taho?"

"Da sauƙi," in ji Tanimu. "Zamna ga aikinka. In abu ya yi tsanani ina kiran ka, kahin la'asar kana gida."

To, wa ya taɓa cewa jikin majinyaci ba sauƙi? Haka aka saba amsawa, ko mutum yana gargara. Tanimu ya san wannan sarai, amma ya laɓe a bayan al'ada, don bakinsa ya kasa furta cewa Inna tafiya take yi. Ta daina shan kunu, ya ce da sauƙi. Ta daina juyawa da kanta, ya ce da sauƙi. Kwana goma sha ɗaya yana faɗar haka.

Ranar Talata da hantsi numfashinta ya canza, Tanimu ya kira Rabilu. A nan ya gane abin da waya ba ta faɗa masa ba. Jirgi ba motar tasha ba ce da za ta cika ta tashi. Sai Alhamis aka samu kujera. Bayan an sauka Kano ga hanyar Katsina, ga tsayuwar bakin iyaka don Gazawa tana ƙetare, ga jiran mota. Inna ta cika ranar Laraba da safe. Tanimu ya roƙi liman a ɗan jinkirta, dattawa suka dube shi da tausayi suka ce gawa ba ta jiran matafiyi. Kafin azahar an dawo daga maƙabarta.

Rabilu ya iso ranar Juma'a a bayan babur ɗin kabu-kabu, da jarkar zamzam a cinya. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Tanimu ciwo. Ya ce kawai a kai shi kabarinta. Suka ratsa gonakin wake, suka tsuguna suka yi addu'a gaban ƙasar da ba ta gama bushewa ba.

Da suka shafa, Rabilu ya tambaya ba tare da ya ɗago kai ba, "Ta neme ni?"

Tanimu ya so ya sassauta masa, ya ga sassautawar ce ta kawo su nan.

"Duk wanda ya ɗaga labule," ya ce, "sunanka take kira."