Za a Buɗe Taga

Masu ɗaukar hoto a Kano suna aiki ne inda kuɗi yake, su kwana inda kuɗi bai san hanya ba. Sama'ila mai hoto ma haka yake. Yakan wuni a ɗakunan biki na Nassarawa yana ce wa amare su ɗan karkata kai, amma abin da za a ce ya biya na shago ɗaya a can ya isa ya kama gida sukutum a cikin gari. Shi ya sa ya nemi ɗaki a gindin Dala, inda hawa ɗaya na adaidaita sahu yake kai shi duk inda aiki ya kira shi.

Ɗakin a saman bene yake, mallakar wani dattijo, Malam Bukar, wanda kakanninsa suka zo daga Barno da fataucin kanwa. Arha kamar tsintuwa. Tagarsa ɗaya ce, tana kallon gabas, kuma irin hasken da yake shigowa ta nan da hantsi ko a mafarki Sama'ila bai taɓa samun irinsa ba. Sai dai a ƙarƙashin tagar akwai tsakar gida har bakwai, kowace a buɗe kamar tafin hannu.

Ranar da zai tare, Malam Bukar ya ce masa, "Tagar nan 'yan haya huɗu ta kora. A unguwar nan ko magini zai hau katanga sai ya yi shela mata su kimtsa, kai kuwa kullum a sama kake. Ba ka buɗe ta sai ka faɗa sau uku. Ranar da fuskar macen unguwar nan ta shiga akwatin nan naka ba da saninta ba, ranar za ka sauko da katifarka."

Sama'ila ya amince. Kowace safiya sai ya kafa baki a tsagar taga ya ce, "Za a buɗe taga," sau uku, ya ji ƙarar takalma da ƙofofi, sannan ya buɗe. Abin da yake tararwa shi ne taɓarya a jingine da turmi ba ta gama tsayawa ba, tukunya tana tafasa babu mai ita, takalmi wari ɗaya a tsakiyar gida. Da ya rasa mutane sai ya fara ɗaukar abin da suka bari.

Wata mata mai ƙawata wani sabon otal ta ga hotunan, ta saya ta rataye. Labari ya dawo unguwa cewa turmin gidan su wance yana bango a Nassarawa. Daga ranar shelar Sama'ila ta canza ma'ana. Da ya faɗi ta farko sai a fara jan kaya. Lauratu, matar da take gidan da yake daf da bene, ta fito da keken ɗinkinta da kuloli tara ta jera. Maƙwabciyarta ta sa aka turo firij tsakar gida. Wani gida aka yi wa tunkiya lalle. Wani lokaci yana kan ta uku sai ya jiyo murya daga ƙasa: "Malam mai hoto, dakata, ba mu gama ba."

Wata safiya da damina, bayan an kwana ana ruwa, ya yi shelarsa ya buɗe, sai ya ga mutum. 'Yardada ce, yayar Malam Bukar, uwar mijin Lauratu, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, wadda kowa ya san shekara goma sha ɗaya ke nan ba ta jin ko tsawa. Tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa a faifai, rana ta ratso ta tsakanin shanya ta sauka a rabin fuskarta. Yatsan Sama'ila bai yi shawara da shi ba. Ya danna sau biyu.

Ya kai aka wanke masa duka biyun. Na farko shi ne hoton da ya fi kowane kyau tun da ya fara riƙe kyamara, ya kasa haƙuri ya kafe shi a bangon ɗakinsa. Kwana uku yana juya maganar a ransa. Shi dai ya yi shela, ita kuma ba ta ji ba. To shela ta mai faɗa ce ko ta mai ji? Idan ka yi sallama a ƙofar da babu kunne a bayanta, ka yi sallama?

Na biyun ne ya fi damunsa. A cikinsa 'Yardada ta ɗago kai, idonta ƙyam a kan gilashin kyamara. Ƙarar dannawar kuwa ba ta wuce ta fasa gyaɗa ba, daga saman bene ma. Ya ninke wannan ya sa a aljihun gaban rigarsa.

A rana ta huɗu Malam Bukar ya hau duba yoyon rufi, ya ɗaga kai, ya yi ido huɗu da yayarsa a bango.

Bayan la'asar aka zauna a zaure, hoton bangon a ajiye a tsakiya: Malam Bukar, da limamin unguwa Malam Musa, da Sama'ila a takure. Lauratu ta riƙo hannun 'Yardada ta zaunar da ita, ta koma bayan labule.

Liman ya ce, "Maganar ba ta da tsawo. Da ta ji shela ta zauna, da sai mu ce da saninta. To Baba 'Yardada ba ta ji, kowa shaida ne. Malam Sama'ila, kana da abin cewa?"

Hannun Sama'ila ya kai aljihu. Hoton yana nan. In ya fito da shi kawai, ɗaki ya zama nasa har abada, da tagarsa da hantsinsa. Amma a wata bakwai da ya yi a unguwar ya sha jin yadda 'Yardada take kafin kunnenta ya mutu. Ita ce mai raba faɗa. Rikicin miji da mata, na gado, na kazar da ta shiga gidan wani, duk a ɗakinta ake sauke su, tun daga asuba. Yanzu kuwa ba mai kawo mata ko gulma. Ya dube ta, tana kallon azara kamar ana maganar wani gari. Shekara goma sha ɗaya tana gina wannan shirun, shi kuma a aljihunsa akwai abin rushe shi.

Ya zare hannunsa babu komai. "Ba ni da ta cewa, Malam."

Malam Bukar ya ce, "To ka ji da kunnenka. Gobe..."

"Miƙo min takardar nan," in ji 'Yardada, da irin ƙarfin muryar waɗanda ba sa jin kansu. Aka miƙa mata hoton bango. Ta nisanta shi, ta matso da shi, ta juya bayansa. "Wace ce wannan?"

Lauratu ta leƙo ta ɗaga murya. "Ke ce, Inna."

"Ina ya kece? Lafiyarsa ƙalau." Ta sake duba hoton. "Wannan tsohuwa ba 'yar unguwar nan ba ce. Dubi wuya kamar na kazar da ta sha ruwan sama."

Malam Bukar ya matso kusa da kunnenta. "Yaya, ga zanenki fa. Ga faifanki."

"Na gani, Bukar, ba makauniya ba ce ni. Har zanena ta ɗaura. Ku dai riƙa rufe ƙofa."

"Yaya, fuskarki ce."

"Amin, amin. Kai ma Allah ya yi maka albarka."

Malam Bukar ya yi ta bayani har jijiyar wuyansa ta tashi, ita kuma tana amsa masa da labarin tsadar daddawa. Da ya gaji ya dubi liman. Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce mace ita ta fi kowa sanin fuskarta, kuma bai taɓa karanta yadda ake ƙaryata wanda ba ya jin ƙaryatawa ba. Tunda mai fuska ta ce ba tata ba ce, sharaɗi bai karye ba. Baƙuwar tsohuwa kuwa, in ta dawo, a kama ta a karɓi zanen.

Malam Bukar bai so a tashi haka ba, sai ya ƙara doka. Daga yau, kafin shelar taga, Sama'ila zai sauko ya faɗa wa 'Yardada a kunne, don kada a sake.

Washegari da hantsi ya same ta a dakalin ƙofar gida tana jan carbi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya cika ƙirji da iska, ya kafa baki a kunnenta.

"Za a buɗe taga, Baba!"

Ta dubi lungu dama da hagu. Babu kowa sai tunkiyar nan mai lalle. Ba ta daina jan carbin ba ta ce, a hankali, "Rage murya, ɗan nan, kada ka kurmantar da ni. Ɗayan kuma da yake aljihunka, kawo shi nan. Ya fi kama da ni."