Ƙararrawar Norbert

"Ɗaga ƙafar mana, Norbert! Ko so kake in goya ka?"

"Da kin kyauta. Rabon da mace ta ɗauke ni tun ina jariri."

Darlene ba ta yi dariya ba. Hannu ɗaya ta tallabe tsohon, ɗayan kuma tana jan tukunyar iskar numfashinsa mai taya biyu. Kujerar naɗewa na rataye a kafaɗarta, sandar fatsa kuma sai tsokanar ƙeyarta take. Daga inda ta ajiye mota zuwa bakin tafkin bai fi taku ɗari ba, amma sai da suka tsaya sau uku.

Shekara ashirin da shida suna maƙwabtaka, tagar kicin ɗinta na kallon tagar ɗakinsa. Matarsa ta rasu, 'yarsa Paulette tana can Arizona, ta kan bugo waya ran Lahadi ta ce a gaishe da Darlene. Gaisuwar nan kuwa ita ce iyakar taimakonta. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Norbert, sai ya ɗauko 'yar ƙararrawar da masu kamun tarwaɗa ke maƙalawa a kan sandar fatsa don su ji in kifi ya ja, ya zura mata igiya ya rataya a wuya. Wata takwas ke nan yana kaɗa ta. In ƙwayar magani ta faɗi ƙasa, ya kaɗa. In ya manta yau wace rana ce, ya kaɗa. Wani lokaci ma ta baro girki a wuta ta rugo, ya ce shi dai yana so ne ya ga ko tana nan.

Ita kuwa tun da asuba take tsaye a kicin ɗin makarantar firamare tana dafa wa yara ɗari uku abinci, ga shekara sittin da ɗaya a ka. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya cire ta. Har a wurin aiki, in cokali ya bugi kwano, sai gabanta ya faɗi.

Asabar ce ta ƙarshen bazara. Shi ya nace sai an kawo shi gandun shaƙatawa na jiha, wai sitikar shiga ta bana tana manne a gilashin tsohuwar motarsa ba a taɓa morar ta ba, kuma shi bai taɓa barin shekara ta wuce haka ba.

Ta zaunar da shi dab da ruwa, ta gyara masa robar iskar da ke hancinsa, ta soka masa tana a ƙugiya, ta kafa reshe mai baki biyu a yashi don ɗora sandar. Ta tsiyaya masa kofi daga fulas, ta ajiye masa burodi da cuku a cinya. Sannan ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu.

"Ka ji ni da kyau. Awa ɗaya nake so. Ɗaya tak. Zan kwanta can ƙarƙashin bishiya. Ko tafkin nan ya kama da wuta, kada ka kaɗa min abin nan."

"In tarwaɗa ta ja ni ciki fa?"

"Ka gaishe min da ita."

Ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Kin rame, Darlene."

"Wa ya ramar da ni?"

Ba ta so maganar ta fito da kaifi haka ba, amma ta riga ta fito, kuma ba ta da ƙarfin janye ta. Ta ɗauki bargonta ta hau tudu.

Inuwar ta yi daɗi. Ƙamshin nama a kan gawayi na tasowa daga teburan da ke ƙasa, yara na ihu a wurin iyo, wani can nesa yana fama da injin kwalekwale ya ƙi tashi. Ta cire takalma, ta ɗora hannu a ido. Barci ya kwashe ta ba shiri.

Ƙararrawar ce ta tashe ta.

Ta duba agogon hannunta. Minti ashirin da biyar. Wani baƙin ciki ya kama ta, hawaye suka gangaro mata cikin kunne. Awa ɗaya ta roƙa cikin wata takwas, ita ma an hana ta. Ƙararrawar ta yi shiru, ta sake tashi, ta ƙara yin shiru, ta kuma tashi da ƙarfi. Darlene ta juya wa tafkin baya ta ja bargo ta toshe kunne. Barcin bai dawo ba, amma ta ƙi motsi, tana kallon agogo har sai da awar ta cika cif.

Ta sauko da faɗanta a baki. Ta tarar da shi ya jingina, hularsa ta zamo ta rufe ido, burodin na nan a cinya ya gutsura sau ɗaya.

"To, ga ni. Me kuma ya faɗi?"

Ta taɓa hannunsa. Babu motsi, babu numfashi, sai ta durƙusa a yashi.

Mutane suka taru. Wani ya ruga ya kira ma'aikacin gandu, shi kuma ya kira motar asibiti, ko da yake kowa ya ga babu sauran gaggawa. Wata mata mai jar hula daga tebur na kusa ta dafa kafaɗar Darlene.

"Mun ɗauka barci yake. Ba mu so mu dame shi ba."

"Ya kira ni," in ji Darlene. Muryarta ba ta fita sosai. "Ya yi ta kirana. Ina ji, na ƙi zuwa."

Ba ta rufe baki ba ƙararrawar ta sake kaɗawa.

Duk suka waiwaya. Tana can a kan tsinin sandar fatsa, sandar kuma an matsar da ita taku huɗu daga kujerar, tana lanƙwasawa tana miƙewa. Igiyar na wuyan Norbert, babu komai a jikinta.

"Ai shi ya roƙi maigidana ya maƙala masa ita a can," in ji matar. "Ya ce a matsar da sandar nesa. Wai hannunsa ya saba, kada ya manta ya kaɗa, maƙwabciyarsa na hutawa."

Darlene ta kalli taku huɗun nan da ke tsakanin kujera da sanda. Bai kira ta ba. Ko da ya so kira a ƙarshe, ba shi da abin kira, kuma ita ta sa. Ta rasa wanne ya fi mata ciwo.

Bayan an tafi da shi, mutane suka koma teburansu, suna magana ƙasa-ƙasa. Ta je ta naɗo zaren. 'Yar tarwaɗa ce, ba ta fi tsawon tafin hannu biyu ba, ta galabaita da ja. Darlene ta zare mata ƙugiya a hankali, ta tsoma ta a ruwa, ta riƙe ta har sai da ta motsa wutsiya ta sulale.

Ta zubar da kofin da ya huce, ta naɗe kujera, ta cire ƙararrawar ta jefa a aljihun siket. Ta kama hanyar mota tana jan tukunyar iskar a bayanta. Duk taku ɗaya sai abin ya yi ƙara a aljihu, siririya. Kafin ta kai mota, sai da ta tsaya sau uku.