Jar Wayar Delmer

Ai kun ji 'yata Tansy ta fara tafiya, ko? Taku uku cur, ba mai riƙe ta! Wata goma sha ɗaya fa! Sai dai ba a gidana ta yi ba, a ƙofar garejin maƙwabcinmu Delmer Haugen ta yi, ranar Talata, shi kuma muka binne shi ranar Asabar. Na rasa ta inda zan fara, bari in faro daga wayar.

Talatar da rana na leƙa na same shi durƙushe gefen tsohon babur ɗinsa, robar iskar numfashi a hanci, tukunyar iskar a kan keken da yake ja. Ya ɗaure wata 'yar rediyo a hannun babur, wayoyi na reto.

"Tsoho, likita ya ce ka kwanta, kai kuma ka zo kana kanikanci?"

"Likita bai san ƙarfe huɗu ba. Ajiye 'yar nan ki riƙe min fitila, uwar surutu."

Rediyon tauraron ɗan adam ce. Duk garin an san dalili, ba a dai faɗa. 'Yarsa Loreen ce ke karanta wa direbobin manyan motoci labarin hanya da yanayi a wata tasha, kullum ƙarfe huɗu, minti goma. Rediyon gida ba ta kamo tashar. Shekara goma sha ɗaya ba ta yi masa magana ba, tun da uwarta ta cika yana can taron masu babura, sai bayan kwana uku aka same shi.

"Me zai hana ka ajiye ta a kicin kamar kowa?"

"A kan tankin nan ta koyi zama. A nan zan ji ta. In na ji ta, ƙila in samu ƙarfin zuwa wurinta."

Na kalli ƙafafunsa da suka kumbura har takalmi ba ya ɗauruwa. Na gyara riƙon fitilar.

Baƙar waya ya ɗaure a jikin ƙarfe, lafiya lau. Jar ce matsala. Ya ce a bayan makulli ake haɗa ta, don in an kashe babur rediyo ta mutu. Wurin lungu ne, can ƙarƙashin fitila. Sau huɗu yana tura yatsu, 'yar ƙusar da ke kama wayar na faɗuwa. Na gwada, ni ma na kasa.

"Bar shi," in ji shi. "Kai ta kan batir kai tsaye, gobe na gyara."

Muka kunna. Shiru.

"Ka ga! Ka ɓata wa mutane kaya."

"Ke dai ba ki san komai ba. Eriyar sai ta ga sama. Rufi ya tare ta."

Babur ɗin ya fi saniya nauyi. Mijina Rusty yana rijiyoyin mai da motarmu, sai Juma'a. Ni ke turawa, shi yana riƙe da kai, duk taku biyu ya tsaya ya yi tari. Da muka fito fili, kiɗa ya ɓarke, garau kamar a ɗaki! Ya duba agogo. Biyar saura kwata.

A nan ne Tansy ta saki kujerarsa ta ƙofar garejin, wadda take dafe da ita, ta nufi kiɗan. Ɗaya, biyu, uku, ta faɗa kan gwiwarsa. Na yi ihu har karnukan layi suka amsa. Ya yi dariya har hawaye.

"Kin gani? Ita ma babur take so. Gobe ƙarfe huɗu, ku zo da biskit."

Ya murɗa sauti ƙasa, ya zare makulli kamar yadda ya saba shekara hamsin, muka rufa tamfol. Daga ni har shi ba wanda ya tuna da jar wayar.

Laraba na same shi ya yi aski, ya sa rigarsa ta zuwa coci, yana zaune a kujerar tun uku da rabi. Huɗu saura biyar ya danna rediyon. Ba haske. Ya murɗa makulli, babur ya yi ƙas, ya yi shiru. Kwana da wuni rediyon na shan batir a ƙarƙashin tamfol.

Na saɓa Tansy na bi layi da gudu ina buga ƙofofi. Kowa na wurin aiki. Sai a gida na shida tsohuwa Verna ta fito da motarta da wayar jona batir. Muka iso muka jona huɗu da ashirin, sai wani namiji na tallan taya a rediyon.

"Tsoho, gobe ma rana ce."

"Haka ne." Ya ɗauki biskit ɗaya ya ba Tansy. "Shiga da ita, sanyi ya fara."

Alhamis da safe motar asibiti ta zo. Juma'a ya cika. Asabar bayan an binne shi, a ɗakin ƙasan coci mata suka jera tiren dankali da kofi, ba wanda ke da lambar Loreen. Na aika wa tashar wasiƙa, har yau shiru.

Litinin Rusty ya mayar da jar wayar bayan makulli, minti biyar ya ɗauke shi. Ƙarfe huɗu muryar mace ta fito, mai ɗan kaushi irin nasa, tana cewa ƙanƙara ta fara sauka a hanyar arewa, direbobi su bi a hankali su isa gida.

Don Allah, wanda ya san wani da ya san ta, ya faɗa mata babur ɗin na nan a fili. Kujerar ma ba mu ɗauke ba. Tansy na dafa ta ta miƙe, tana leƙen inda muryar ke fitowa.