Rantsuwar Delbert da Kujerar Gado

Delbert yana cikin jan tabarmar goge ƙafa daga bakin ƙofar gidan abincinsa, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza, sai Marlene matarsa ta leƙo daga kicin da cokali a hannu.

"Ina za ka kai mana shi, tsoho? Ni yau ban ma goge ƙafata ba."

"Ke, rufa min asiri."

Tabarmar dai fuskar mutum ce a jikinta, ta Lavonte Pettiford, mai cafke ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka, irin wadda ake jifa da hannu. Shekara tara da suka wuce, saura daƙiƙa huɗu a tashi wasanmu da ƙungiyarsu, muna gaba, har mun fara rungumar juna, bawan Allahn nan ya daka tsalle ya cafke ƙwallo a bayan layinmu, ya ci mu, ya fitar da mu daga gasa. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya juyo wajen da Delbert yake zama, ya ɗaga hannu ya yi wa 'yan kallon wajen sai wata rana. Washegari Delbert ya kai hotonsa aka buga a tabarma. Tun daga nan duk mai shigowa shan gahawa sai ya murza takalmi a hancin Pettiford. Har fasto, in ya ga ba mai kallo.

To, yau da safe rediyo ta ce ƙungiyarmu ta ɗauki Pettiford. Shekararsa talatin da shida, an yi wa gwiwarsa aiki sau biyu, ƙungiyoyi uku sun sallame shi.

Mu kuwa mutanen garin nan ba mu da zuciya. Rabonmu da kofi shekara talatin da ɗaya, ni kaina da haƙorana aka ɗauko na ƙarshe, amma ko jaki aka sa wa rigarmu sai mu ce ingarma ne. Kafin ƙarfe takwas gidan abincin ya cika, ana cin fanke da ƙwai ana raba kofin da ba a ci ba.

"Ni dama can ban taɓa ƙin yaron nan ba," in ji Stosh, tsohon direban motar share ƙanƙara.

"Kai da ka cinye masa ido ɗaya da takalmin aiki?" Marlene ta ce tana zuba masa gahawa.

"Wasa ne, Marlene. Hannun nan nasa kamar an shafa danƙo! Bana namu ne."

Delbert kuwa abin da ke cin ransa daban ne. Lahadin da ta biyo bayan waccan cafkewa, a teburin surukarsa, gaban dangi, Hoyt ƙanin Marlene ya tsokane shi ya ce in wata rana mutumin ya dawo namu fa? Delbert ya dafa Littafi Mai Tsarki ya ce, "Ranar da ya sa rigarmu, ka zo ka karɓi kujerata." Kujerar nan ta filin wasa gadon ubansa ce. A garin nan ana barin wa ɗa gida ya sayar, ba a ce komai ba, amma ya saki kujera sai a yi da shi har jikoki. Hoyt kuwa ya yi shekara da shekaru a layin masu jira, har kansa ya yi sanƙo.

Ƙarfe tara sai ga Hoyt, ya sha guga, yana murmushi tun daga titi.

"Mijin yaya, barka da arziki. Na ji an yi mana baƙo."

"Zauna ka ci abinci, yaro."

"Na ƙoshi. Katin kujera na zo karɓa."

"Ai bai sa rigar ba tukuna. Rediyo ce ta faɗa, ita kuwa ba ta da ido."

"Yau ƙarfe uku akwai atisaye, kowa na iya shiga. Mu je mu gani da namu."

Delbert ya dubi matarsa ko za ta sa baki. Marlene ta ɗaga kafaɗa. "Ni ban aike ka dafa Littafi ba. Kaza aka ce ka yanka ranar."

Suka tafi a motar Hoyt, katin yana aljihun gaba na rigar Delbert, yana taɓa shi kamar mai ciwon ƙirji. Rana ta take, filin atisaye ya cika maƙil, mutane sun baro aiki sun zo kallon gwiwar tsoho. Da Pettiford ya fito cikin rigarmu, furfura a gemu, ƙafa a naɗe, aka ɗauki ihu sai ka ce shi ya haƙa mana tafki. Hoyt ya miƙa tafin hannu. Delbert ya ɗora masa katin, ya kawar da kai.

Sai aka fara jifa. Ta farko ta bugi hannun Pettiford ta faɗi. Ta biyu ta wuce shi yana ɗingishi a baya, wani ɗan shekara ashirin da biyu ya wuce shi kamar an dasa shi.

Hoyt ya yi tsaki. "Wannan ne?"

Nan Delbert ya hango ƙofa. "Ai ya ƙare, ƙanina," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Kuma ka san kujerar nan iska daga tafki take dukanta. A watan sha biyu gemunka ƙanƙara yake zama. Kai ga hawan jini. Ka zauna awa uku cikin sanyi kana kallon wannan?"

A ransa kuwa addu'a yake, irin wadda bai taɓa yi ba tun da aka haife shi: Allah ka sa ɗan wasanmu ya sake saki. Ta uku kuwa ta zame ta tsakanin yatsunsa.

Hoyt ya jujjuya katin. Ya dubi fili, ya dubi katin. "Ni fa a gida ina da kujera mai laushi, ga talabijin, ga ɗumi," ya ce. "Wahala ce kawai kake gadon ta, mijin yaya. Ungo abinka."

Hannunsa yana hanya, katin saura taƙi ɗaya ya taɓa yatsun Delbert, mai jifa ya saki wata doguwa can ƙurya. Ta yi sama da yawa, kowa ya ga ta tafi. Tsohon nan ya ja gurguwar ƙafarsa, ya tashi sama, ya miƙa hannu ɗaya, ƙwallo ta manne.

Wanda ya fara ihu a duk filin Delbert ne. Hularsa ta faɗi, ya cafki kafaɗun Hoyt yana girgiza shi.

"Ka gani? Ka gani! Da hannu ɗaya! Wa ya ce ya ƙare? Mahaukaci ne kawai zai zauna a gida bana! Bana namu ne, Hoyt, wallahi namu ne!"

Hoyt ya bari ya gama. Ya ce, "Haka nake gani ni ma." Ya sa katin a aljihu, ya maɓalle.

Delbert ya tsaya baki buɗe. Can ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya kaɗe ta. Aka ci gaba da jifa, Pettiford ya sake sakin biyu a jere.

A hanyar fita akwai wata mata a tebur da takardun masu neman kujera. Delbert ya tsaya gabanta.

"'Yata, layin nan shekara nawa ne yanzu?"

"Ashirin da biyu, Baba."

Shekararsa sittin da bakwai. Ya motsa leɓe yana lissafi.

"Ara min biro," ya ce.