Ƙeyar Kumezo

Mijina Kumezo sana'arsa mutuwa. Tun da aka ɗage hanin da aka yi wa finafinan takobi bayan yaƙin duniya na biyu, kullum da safe zai hau keke zuwa ma'aikatar fim da ke bayan unguwarmu a Kyoto, jarumi ya sare shi, ya dawo da yamma yana tambayar ko shinkafa ta nuna. Ni dai ba ni da ƙorafi, mutuwar nan ce ke ciyar da mu.

Aikin yana da ƙa'ida. Wanda aka sara ba ya juyo wa kyamara fuska, ta jarumi kaɗai ake so. Shi ya sa abin da duniya ta sani na mijina bai wuce ƙeyarsa ba.

Kwatsam sai ga wasiƙa daga ƙauye. Surukata Ofuji yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma ta rantse sai ta ga ɗanta a fim kafin ganin ya ƙare. Kumezo ya kasa cin abinci.

"Toki, me zan nuna mata? Bayan wuya?"

"Wa ya aike ka rubuta mata wai ka zama ɗan wasa?" na ce. "Ci abincinka, sarkin gawa."

Ya je ya roƙi darakta alfarmar juyowa ko sau ɗaya. Mutumin ya ce in fuska yake son nunawa, ga shagon mai hoto can bakin titi.

Da ta iso daga ƙauye, ran Lahadi muka kai ta silima, layin gaba saboda idon. Sau uku ake kashe shi a fim ɗin, kowane karo da kaya da gashi daban. Yana zaune yana zufa, ni kuma tausayinsa ya kama ni.

Aka zo faɗan kan gada. Mutum shida suka zube, tsohuwa ta miƙe tsaye.

"Ga shi can! Na biyu daga hagu!"

"Baba, zauna mana!" wani ya ce daga baya.

"Kai rufe min baki, ɗana ne!"

Na cikin gonar gora ma ta gane shi, haka wanda ya gangaro daga matakala da furfurar ƙarya.

Da muka fito muka shiga shagon taliya. Kumezo ya sunkuyar da kai.

"Inna, ki yi haƙuri, ba ki ga fuskata ba."

"Fuskar me? Shekara nawa ina cuɗa bayan nan a baho? Ko makancewa na yi na san shi."

Ta tura masa ƙwan da ke kwanonta.

"Yayanka sau ɗaya ya faɗi a can yaƙin Burma, har yau bai tashi ba. Kai yau sau uku ka faɗi a gabana, ga ka kuma kana zuƙar romo. Kada ka kuskura ka canza aiki."